Ranar da Chaibou Ya Yanke Kuruwar Amininsa

Duk wanda motarsa ta tsufa a Agadez ya san garajin Chaibou, ko da bai taɓa shiga ba. Rumfar kwano ce da guntuwar katangar laka a bakin hanyar Arlit, sai rami ɗaya na duba ƙarƙashin mota, da wata bishiya da ta daɗe da fid da rai da ruwa amma ta ƙi mutuwa. Babu allo, babu suna a rubuce. In baƙo ya yi tambaya, sai a ce masa, "Ka nemi tsohon nan mai wuƙa." Kada gabanka ya faɗi, ba mahauci ba ne. Kuruwa yake yankawa.

Kuruwa, ga wanda bai taɓa leƙa cikin moter, wato injin mota, ba, wata ɗamara ce ta baƙar roba mai haƙora a cikinta, faɗinta bai wuce yatsu biyu ba. Ita ke haɗa tafiyar saman moter da ta ƙasansa, ta sa supap, wato bawul, su buɗe su rufe daidai lokacin da piston ya ba su wuri. Muddin tana lafiya babu mai tunawa da ita. Ran da ta tsinke kuwa, piston ya yi karo da supap, kafin ka ce me ya faru moter ya kashe kansa. Abin haushin shi ne ba ta tari, ba ta ɗingishi, ba ta yi wa kowa sallama. Jiya lafiya, yau lafiya, gobe kana tsakiyar daji sai ka ji ƙas, mota ta yi tsit.

Dokar Chaibou a kanta gajera ce, har masu sayar da ruwan sanyi a bakin garajin sun haddace ta: kilomita dubu ɗari ko shekara biyar, duk wanda ya riga isowa. In konter ɗin mota mai ƙirga kilomita ya mutu, kamar na rabin motocin garin nan, sai ya tambayi mai ita, "Bianou nawa aka yi tun da aka sa ta?" Don ɗan Agadez yana iya manta shekarar haihuwarsa, amma ba ya manta bikin Bianou da ake yi duk shekara. In mai mota ya fara sosa ƙeya, Chaibou ya ce, "To, ba ka sani ba, ni ma ban sani ba, cire ta za mu yi." In ya tarar mai ya zuba a kanta, ko jiya aka sa ta, fita za ta yi. Kuma ba ya sa sabuwa ba tare da ya canza ɗan gurgurin da ke ɗaure ta ba.

Duk wannan wasu makanikai ma suna yi. Inda ya rabu da su shi ne wuƙar. Mu mutanen Agadez ba ma zubar da abu, nisan hanya ya koya mana haka. Tsohuwar kuruwa in an cire ta aka ga ba ta nuna komai, sai shofer ya goge ta, ya naɗe, ya cusa bayan kujera, ya ce sekur ce, wato ta ranar tsiya. Wani ya ba ƙaninsa, wani ya kai ta kasuwa. A garajin Chaibou kuwa, tana fitowa daga moter yake ɗora ta kan kututture ya raba ta biyu a gaban mai ita. An zage shi a kan haka, an kira shi mai ɓarna, an kira shi mai girman kai. Matan unguwa kaɗai ke sa masa albarka, don guntayen ba su da na biyu wajen ɗaure awaki.

Ba haka aka haife shi ba. Ubansa Bahaushe ne daga Damagaram, fatauci ya kawo shi Agadez, garin ya yi masa daɗi ya zauna. Ya so ɗansa ya gaji kanti, ɗa kuwa hancinsa ya fi son warin man gazuwal. Da Chaibou ya iya aiki sai ya sami shiga garajin ma'adinin kwal na Anou Araren, ya yi shekara shida inda ake canza komai bisa littafi, ranar da littafi ya ce. A lokacin yana ganin abin almubazzaranci ne, yana dariya a ransa. Ya dawo gida ya kafa rumfarsa, yana jin babu wanda ya kai shi ido.

A shekararsa ta biyu wani shofer mai suna Karim, wanda ke ɗauko albasa daga Tabelot, ya zo da kuruwar sekur a hannu ya ce a sa masa. Chaibou ya juya ta, ya lanƙwasa, ya ɗaga ta a rana, ya ce, "Wagga za ta yi maka shekara guda, ni na ce." Kwana goma sha ɗaya ta yi. Ta tsinke a cikin wani kori, wato busasshen rafi, mota cike da albasa, moter ya ragargaje. Motar nan ita ce duk abin da Karim ya mallaka. Ya sayar da gawarta ga masu tsinke ƙarafa, ya kwashe iyalinsa ya koma Arlit yana aikin ƙarfi. Kuma bai taɓa ce wa Chaibou uffan ba. Duk sanda ya shigo gari sai ya biyo ya gaishe shi da fara'a, kuma wannan gaisuwa ta fi zagi ciwo. Daga nan Chaibou ya je wurin maƙera ya sa aka ƙera masa wuƙa. Shekara talatin da biyar ke nan, ba a sake jin kuruwar da ya ɗaura ta tsinke a hanya ba, kuma ba ya jin kunyar faɗa. In ma ba ka tambaye shi ba, zai gaya maka.

To, mutum irin wannan ba ya tara abokai da yawa. Nasa ɗaya ne, Bashar, ɗan tsohon gari, wanda gidansu ke cikin lungunan da ke kewaye da babban masallaci. Tun suna samari suke tare. Bashar ne ya tsaya masa a aurensa, shi kuma Chaibou shi ne waliyin baka a duk wata hidimar gidan Bashar. Kullum bayan la'asar Bashar yana garajin, suna shan shayi suna musu a kan abin da bai shafe su ba. Chaibou ba mai yawan magana da mutane ba ne, in ka cire Bashar daga rayuwarsa, sauran ƙarafa ne da matarsa Halima.

Bashar shofer ne na zamanin 'yan yawon buɗe ido. Da farar Toyotarsa ya kai Nasara hamadar Ténéré da duwatsun Aïr sau ba adadi, ya iya Faransanci har da na zolaya. Da ƙasa ta rikice a 2007 baƙi suka ɗauke ƙafa, abokan aikinsa wasu suka sayar da motocinsu, wasu suka juya su ga wasu hanyoyi. Shi ya ƙi. Ya shigar da ita rumfa, ya lulluɓe ta, ya ce za su dawo. Ya koma sayar da kayan azurfa a wata 'yar rumfa, amma duk Juma'a sai ya yaye mata lulluɓi, ya wanke ta, ya tayar da ita, ya zaga unguwa sau ɗaya ya mayar. Ya canza mata batir, ya canza ƙafafu, bai bar ko ƙwayar tsatsa ta zauna mata ba. Shekara goma sha bakwai yana haka. Mairo matarsa takan ce da ita ake yi wa rabin wannan hidima, da har yanzu amarya ce.

Sai ga 'yarsu Khadijatul Kubra, wadda ke aure a Iférouane, ta haifi ɗanta na fari. Bashar ya rantse da motarsa zai je suna, ba motar haya ba. Zai ɗauki Mairo da 'yan'uwanta da yayarsa Sa'adiya, mata bakwai cif, da kayan barka a sama. Kujerar gaba kuwa ta Chaibou ce, don Kubra a cinyarsa ta koyi zama.

Ranar Litinin da hantsi ya kawo motar garaji, tana sheƙi, shi ma yana sheƙi.

"Bidanji kawai za ka yi mata, tsoho," in ji shi. "Ka zuba sabon mai, ka sa mata albarka. Jibi da asuba mu kama hanya."

Chaibou ya canza mai, ya duba ruwa, ya duba birki. Sannan ya ɓalle murfin kuruwa. A cikin murfin akwai rubutu da farin fenti, kamar yadda yake yi wa kowace mota: watan Janairu, 2007. Kuruwar kuma tana nan baƙa wuluk, har rubutun da ke bayanta ana karantawa.

"Wagga za ta hita," ya ce.

Bashar ya yi dariya. "Wace? Rubutun wa ke ga murhin nan?"

"Nawa."

"Hannun wa ya ɗaura ta?"

"Nawa."

"Bon. Je ka dubi konter, nawa bai mutu ba kamar na mutane. Dubu goma sha takwas ta yi tun ran da ka sa ta. Kai ka ce dubu ɗari. Ko lissahin ya canza ban ji ba?"

"Na ce ko shekara biyar. Wagga ta yi sha bakwai. Roba ba ta san an lulluɓe ta ba, Bashar. Zahin garin ga yana cin ta ko tana tahiya ko tana kwance."

Illiya mai walda, maƙwabcin garajin, ya kashe wutarsa ya matso, don musun tsofaffin nan biyu ya fi rediyo daɗi. Ganin an sami mai kallo, Bashar ya ƙara murya.

"Illiya, kai shaida ne. Wane ne ya cika muna kunne cewa kuruwar da ya ɗaura ba ta taɓa tsinkewa ba?"

"Ba ta tsinkewa don ina cire ta kahin ranarta," in ji Chaibou. "Ba don hannuna na da asiri ba."

"To, ta wagga mota ranarta ba ta zo ba. Ni na san abata. Rufe murhi."

Kada wani ya ce rowa ce, Bashar ba marowaci ba ne. Chaibou ya san inda abin yake yi masa ciwo. A ce wani abu a jikin motar nan ya lalace a zaune, ai an ce duk wankin Juma'ar nan da jiran nan na shekara goma sha bakwai ruɓewa ce kawai ake yi a ƙarƙashin lulluɓi. Ba kuma motar kaɗai ta yi zaman ba, mai ita ma ya yi. Yanzu da zai fita ya nuna wa duniya cewa shi da ita suna nan yadda aka san su, sai amininsa ya ce a'a, kun tsufa.

Chaibou ya lallashe shi. Shi da bai iya lallashi ba, ranar ya gwada. Ya ce sabuwa tana nan a kan kanta, aikin awa biyu ne. Ya tuna masa hanyar, wadda Bashar ya fi shi sani: in an bar gudron, wato kwalta, aka shiga duwatsu, sai a yi tafiyar rabin yini ba inuwa, ba rijiya, waya ba ta kamawa. Bashar ya ce shi da ya ratsa Ténéré ba za a tsorata shi da hanyar Iférouane ba. Ya miƙa hannu ya ce a ba shi makulli.

A aikin garaji akwai iyaka da kowa ya sani. Motar mutum tasa ce. Ka ba shi shawara, in ya ƙi, ka rufe kapo, wato marufin gaban mota, ka yi masa fatan alheri. Chaibou bai taɓa ƙetare wannan iyaka ba, tsohuwar da aka yarda ya cire kaɗai yake yankawa. Ya tsaya yana kallon kuruwar, ya san sarai abin da zai rasa. Ya kuma san in ya rufe murfin nan, jibi zai zauna a kujerar gaba yana murmushi, mata bakwai a bayansa, alhali shi kaɗai ya san a kan me suke tafiya.

Ya ɗauki kile, wato sifana, ya juya moter a hankali har alamomin suka daidaita, Bashar yana zaton dubawar ƙarshe ce. Sannan ya zaro wuƙar daga aljihun rigar aikinsa, ya sa ta a kan kuruwar, ya danna.

Ba ta yanku da sauƙi ba. Sai da ya sa ƙarfi, ya ja sau uku, kafin zaren cikinta ya saki. Ta faɗo ta rataya.

Illiya ya ce, "Innalillahi," ya ja da baya.

Bashar bai yi ihu ba, da ma ihun ya yi. Ya dubi kuruwar, ya dubi amininsa.

"Ka gani? Ko wuƙar taka da ƙyar ta ci ta." Ya gyara rawaninsa. "Shekara arba'in, Chaibou. Ka yanka mini abu gaban idona, gaban mutane, kamar ni ba kowa ba ne. In ka gama abin da kake yi, ka aje makulli wurin Illiya. Kada ka kawo mini gida."

Ya fita da ƙafa, cikin rana, bai waiwaya ba.

Chaibou ya sa sabuwar kuruwa da sabon gurguri, ya juya moter da hannu sau biyu ya ga alamomi sun dawo daidai, ya tayar, ya saurara. Ya goge tsohon rubutun murfin ya yi sabo. Da ya gama, ya ɗauki tsohuwar ya koma gefe inda babu mai ganinsa, ya lanƙwasa ta baya, ya kai ta kusa da ido. Robar ta yi tauri. A gindin haƙoran akwai 'yan tsage-tsage sirara kamar gashi. Irin waɗanda za su iya kai mutum Iférouane su dawo da shi, su kuma iya yashe shi kafin ya wuce mararrabar Anou Araren. Ya so ƙwarai ya ga haƙori ya ɓalle a hannunsa, ya sami abin da zai nuna. Babu wanda ya ɓalle.

A gida Halima ba ta raga masa ba. Ta ce, "Gaskiyarka daban, hankalinka daban. Da ka zo ka gaya mini na gaya wa Mairo, ita ta san ta inda ake kama mijinta." Ya ce bai yi wannan tunanin ba. Ta ce ai ta sani, shekara nawa tana zaune da shi.

Ranar Laraba da sassafe yana buɗe garaji farar motar ta zo wucewa, kaya a sama, mayafai kala-kala a tagogi. Yaya Sa'adiya ce a kujerar gaba. Mairo ta ɗaga masa hannu a ɓoye. Bashar ya kafe idonsa a kan hanya. Chaibou ya bi motar da kunne har ta ɓace, ƙarar moter ɗin sumul, ya ji daɗin aikinsa.

Labari ya zaga gari kafin azahar. A tasha aka ce tsufa ya fara taɓa shi. Wasu suka ce daga yau in za ka kai masa mota sai ka tsaya a kanta da sanda. Ranar suna Kubra ta kira shi a waya, ta ce, "Baba Chaibou, mi na yi maka ka ƙi zuwa?" Ya ce aiki ne ya riƙe shi, ya sa wa jariri albarka, ya tambaye ta ko sun iso lafiya. Ta ce lafiya lau, ko tari motar ba ta yi ba. Ya ce alhamdulillahi. Bayan la'asar ya dafa shayi, ya sha na farko, ya kasa shan na biyu.

Ni dai in an tambaye ni, ina alfahari da cewa garinmu ya fitar da mutum irin wannan. Makaniken da ya je daji ya tayar da matacciyar mota, kowa ya ga aikinsa, a yi ta ba da labarinsa. Shi kuwa Chaibou aikinsa shi ne kada komai ya faru, kuma in komai bai faru ba, babu mai gode maka. Shekara talatin da biyar yana karɓar zagi a kan ɓarnar da ba a yi ba. Wannan karon ya biya da abin da ya fi masa tsada, yana sane, ba wanda ya tilasta shi.

An ce Bashar ya dawo ranar Lahadi. Litinin bai zo ba, Talata bai zo ba. Chaibou ya daina kallon hanya, ko dai ya ce ya daina. Ranar Alhamis bayan la'asar, yana zaune a kan tabarma yana wanke wani ƙarfe a cikin gazuwal, sai ya ga inuwa ta tsaya a kansa. Bai ɗaga kai ba, ya san takalman.

"Salamu alaikum."

"Wa alaikumus salam. An dawo lahiya?"

"Lahiya lau."

"Mai jego da yaro?"

"Suna gaishe ka."

Bashar bai zauna ba. Ya tsaya yana kallon kwanon rumfa kamar yau ya fara ganinsa.

"Bayan mun bar gudron," ya ce, "mun tsaya salla wani wuri. Ba itace ko ɗaya. Matan nan duk sunka taru gindin mota suna rabon inuwa, Yaya Sa'adiya da ƙahwarta mai ciwo a tsakiya. Na tsaya na ƙirga su. Bakwai. Na sake ƙirgawa."

Chaibou ya ci gaba da wanke ƙarfensa, wanda ya daɗe da fita.

"Amma ka sani," in ji Bashar, muryarsa ta koma ta musu, "waccan kuruwa da ta kai ni ta dawo da ni."

"Mai yiwuwa."

"Ba mai yiwuwa ba. Da ta kai ni."

"Na duba ta bayan ka tahi," in ji Chaibou. "Wallahi mai yiwuwa ne."

Bashar ya zo da shirin faɗa, an ƙi tare shi.

"Ke nan ba za mu taɓa sani ba."

Sai a lokacin Chaibou ya ɗaga kai ya dube shi, idonsa ya yi ja.

"Abin da na saya ke nan, Bashar. Kada mu sani."

Bashar ya tuɓe takalmansa, ya tattara babbar rigarsa, ya taɓa gwiwar Chaibou da ƙafa.

"Matsa mini, mugun tsoho," ya ce. "Ka cinye tabarmar kai kaɗai."